Shiru Ma Magana Ce: Tsokaci a Kan Masu Gadin Bilaza

Ɗan Adam mai son kallo ne, kuma kallon da ya fi so shi ne na abin da ya tashi da hayaniya. In gobara ta kama a unguwa, kafin ƙiftawa da bismilla an cika wurin maƙil, har da waɗanda ba su riƙe da ko gwangwanin ruwa. Amma da wuya a sami wanda zai tsaya ya ƙura wa murhu ido sa'ad da yake ci a hankali a tsakar gida, ko da yake shi ne ke dafa tuwon kullum. Wannan hali bai ƙyale masana ba, duk da gilasansu da tulin littattafansu. Su ma masu binciken sararin samaniya sun daɗe suna rige-rigen zuwa wurin gobara, kuma akwai wata halitta a can nesa wadda ta fi kowace nuna irin asarar da ke cikin yin haka. Sunanta bilaza.

Asalin labarinta kuskure ne. A shekarar 1929 wani Bajamushe mai suna Cuno Hoffmeister, wanda aikinsa shi ne farautar taurari masu sauya haske, ya lura da wani ɗigo a cikin rukunin taurarin da Turawa ke kira Ƙadangare. Ɗigon yakan yi haske, ya dushe, ya sake yin haske, ba bisa wata ƙa'ida ba. Sai aka shigar da shi cikin jerin taurari, aka raɗa masa suna BL Lacertae, aka wuce. Haka ya zauna kusan shekara 40 ana yi masa kallon tauraro. Sai a 1968 John Schmitt, a ƙasar Kanada, ya gano cewa daidai inda ɗigon nan yake, daga nan ne wata ƙaƙƙarfar igiyar rediyo ke fitowa, abin da tauraro irin na yau da kullum ba ya yi. Ashe ba tauraro ba ne sam. Bayan shekara 10, watau a 1978, aka yi taro a kan irin waɗannan halittu a birnin Pittsburgh na Amurka, kuma a wannan shekara ce Edward Spiegel ya ɗauki farkon sunan BL Lacertae ya liƙa shi da ƙarshen sunan wata 'yar'uwarta mai suna kwaza, ya fito da sabuwar kalma. Bahaushe kuwa, kamar yadda kowane ɗalibin tsarin sauti ya sani, ba ya yarda baƙaƙe biyu su yi cincirindo a farkon kalma, sai ya cusa musu wasali a tsakani, yadda ya yi wa burodi da firamare. Ta wannan hanya kalmar ta zama bilaza, kuma tun da ta ƙare da wasalin “a”, ta shiga jinsin mata ba tare da an nemi shawararta ba.

To, mece ce bilaza? Taurari ba a warwatse suke barkatai ba. A tare suke a manyan garuruwa, kowane gari da dubban miliyoyin taurari, kuma ranarmu ɗaya ce daga mazauna ɗaya daga cikin garuruwan. A tsakiyar kusan kowane babban gari akwai abin da ake kira baƙin rami, wanda nauyinsa ya ninka na rana sau miliyoyi, wani ma sau dubban miliyoyi, ƙarfin jansa kuma ya kai ga ko haske in ya faɗa ba ya fitowa. Yawancin waɗannan ramuka barci suke yi. Amma inda iska da ƙura suka sami hanyar gangarawa, sai su yi ta kewaya ramin kamar faifai, su yi zafi, su yi haske. Wani kashi kuma, maimakon ya faɗa, sai ƙarfin maganaɗisu ya murɗe shi ya tsartar da shi waje, ya zama feshi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, masu gudun da ya yi kusa da na haske, masu tsawon dubban shekarun haske. Mafi yawan irin wannan feshi gefe suka nufa, ana hango su daga nesa kamar hayaƙin jirgin ƙasa. Kaɗan ne daga cikinsu suka yi saitin duniyar nan. Waɗannan kaɗan ɗin su ne bilaza, kuma wannan bayani Roger Blandford da Martin Rees ne suka gabatar da shi a taron nan na 1978.

Duk wanda ya taɓa tafiya a ƙasa a bakin titi da dare ya san abin da wannan ke nufi. Babbar mota ta taso, direba ya kunna dogon haske ya dalle wa mutum ido. A wannan lokaci ba ya ganin launin motar, ba ya ganin lambarta, ba ya ganin kayan da ta ɗauko, balle fuskar direba. Fitila kaɗai yake gani, kuma yana ganinta da ƙarfin da ya fi wanda mai tsayuwa a gefe zai gani nesa ba kusa ba. Sai in direba ya yi masa alfarma ya rage haske, sa'an nan jikin motar zai bayyana. Haka bilaza take, sai dai abin nata ya fi haka tsanani, domin gudun feshin kansa yana ƙara wa hasken ƙarfi sau ɗaruruwa ko dubbai ga wanda aka saita, yana kuma taƙaita lokaci, ta yadda abin da ya ɗauki kwanaki a can sai a gan shi a nan cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa aka kasa sanin nisan BL Lacertae har 1974, lokacin da Oke da Gunn suka yi wata dabara da babban madubin hangen nesa na dutsen Palomar: suka toshe tsakiyar ɗigon, kamar mai kare fitila da tafin hannu, suka auna ɗan hasken da ke gefe. Nan garin taurarin da ke ɓoye ya fito, kuma lissafi ya nuna haskensa ya yi tafiyar kimanin shekara miliyan 900 kafin ya iso. Abin lura a nan shi ne, ba da ƙarin haske aka gane ta ba, da rage shi aka gane ta.

Sai kuma batun zango. Mai sauraren rediyo ya saba jin ana cewa za a kama tasha a kan gajeren zango ko matsakaicin zango, a kan mita kaza. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, igiyar rediyo da hasken da ido ke gani jinsi ɗaya ne, tsawon zango ne kawai ya raba su. In aka yi ta gajarta zangon rediyo za a iso hasken ɗumi wanda fata ke ji amma ido ba ya gani, sa'an nan launukan bakan gizo daga ja zuwa shuɗi, sa'an nan hasken da ke ƙona fata, sa'an nan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, daga ƙarshe kuma hasken gamma, wanda ya fi duka gajarta da ƙarfi. Tauraro irin rana yawancin maganarsa a zango kaɗan yake yin ta. Bilaza kuwa tana magana a dukkan zangunan nan a lokaci guda. In aka zana ƙarfin muryarta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sai zanen ya fito kamar raƙumi mai tozo biyu. Tozon farko ba a jayayya a kansa: ƙananan ƙwayoyin lantarki ne, watau ilaktaron, ke fitar da shi yayin da suke murɗawa cikin maganaɗisu. Tozo na biyu, na hasken gamma, shi ne ake ta cacar baki a kai. Wasu sun ce ilaktaron ɗin nan dai su ne ke bangazar hasken da suka haifa su ƙara masa ƙarfi. Wasu kuma sun ce a'a, akwai hannun furoton, ƙwayoyin da suka fi ilaktaron nauyi kusan sau 2,000. Ba gardamar banza ba ce. Tun 1912, sa'ad da Victor Hess ya hau balan-balan ya tabbatar da cewa wasu ƙwayoyi masu ƙarfi suna yi wa duniya ruwa daga sama, ake neman maƙerar da ke ƙera mafi ƙarfinsu. In har bilaza tana tsartar da furoton, to an sami ɗaya daga cikin maƙerun.

Matsalar ita ce babu na'ura ɗaya da ke jin dukkan zangunan. Na rediyo sai manyan faranti a ƙasa. Na ido sai madubi a kan dutse. Na hoton ƙashi da na gamma iskar duniya ce ke tare su, don haka sai an harba tauraron ɗan Adam. Mafi ƙarfin gamma kuwa ƙwayoyinsa sun yi ƙaranci ƙwarai har tauraron ɗan Adam ya yi musu kaɗan, sai dai a jira su bugi iska a can sama, su tarwatse, su ba da wani ɗan walƙiya mai shuɗi wanda bai kai ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ba, manyan madubai a ƙasa su cafke shi. Waɗannan madubai ba sa son gajimare, ba sa son farin wata, saboda haka darensu na aiki ƙidayayye ne a shekara. Kuma tun da bilaza ba ta zama a hali ɗaya, tilas ne duk waɗannan kunnuwa su saurara a lokaci guda. Wanda ya haɗa awon rediyo na bara da awon gamma na bana tamkar wanda ya ɗauki kiɗan kalangu ranar Litinin ne, ya ɗauki muryar mawaƙi ranar Juma'a a wata waƙa dabam, sa'an nan ya zauna yana nazarin yadda suka dace.

A nan ne halin masu kallon gobara ya shigo. Lokacin waɗannan na'urori tsada gare shi, masu nema sun fi wurin yawa, kuma hanya mafi sauƙi ta shawo kan masu rabon lokaci ita ce a ce musu ga wata bilaza can ta yi bore, a juyo da sauri kafin ta lafa. Ba a zarginsu ƙwarai, domin boren yana da ban mamaki. Markarian 421, wadda Benjamin Markarian na ƙasar Armeniya ya sa a jerinsa, mai nisan kimanin shekarar haske miliyan 400, ita ce ta farko a wajen garinmu na taurari da aka kama da mafi ƙarfin gamma, a 1992, da madubin Whipple a jihar Arizona. A watan Mayu na 1996 ta yi wani tashi wanda haskenta ya ninka cikin kimanin minti 15. Maƙwabciyarta a jeri, Markarian 501, ta yi nata boren a 1997 har na tsawon watanni. Irin wannan shi ne ke shiga manyan mujallu, shi ne ke ɗaga sunan mai bincike. Ba wanda ke garzayawa wurin edita don ya ba shi labarin cewa jiya ma ba abin da ya faru. Sakamakon haka sai aka wayi gari ma'ajiyar ilmi ta cika da hotunan bilaza tana ihu, alhali kuwa mafi yawan rayuwarta ba ihu take yi ba. Wanda bai taɓa ganin mutum ba sai ranar da ya yi fushi, in aka ce ya siffanta halinsa, ƙarya zai yi ba da niyya ba. Kuma ko girman fushin ma ba zai iya aunawa ba, tun da bai san muryarsa ta kullum ba.

Misalin da ya fi fito da wannan fili ya faru ne a nahiyar Afirka. A tsaunukan Khomas na ƙasar Namibiya akwai tashar H.E.S.S., wadda aka yi wa suna don tunawa da Victor Hess ɗin nan, kuma a wancan lokaci madubai huɗu ne gare ta, kowanne faɗinsa mita 12. Daga can ana ganin wata bilaza ta sararin kudu mai suna PKS 2155-304, mai nisan kimanin shekarar haske miliyan 1,500. A daren 28 ga Yuli, 2006, ta yi wani bore wanda har yau ake ba da labarinsa: haskenta na gamma ya ninka na kullum sau gomomi, yana hawa yana sauka cikin 'yan mintoci. Abin ya ɗaure wa masana kai, domin baƙin ramin da ke tsakiyarta girmansa ya kai haske ya yi sa'o'i kafin ya ƙetare shi, to yaya abu mai wannan girma zai yi ta ƙifta ido cikin mintoci? Bayan kwana biyu ta sake tashi, wannan karo tauraron ɗan Adam mai suna Chandra yana kallo, aka ga hasken hoton ƙashi da na gamma suna hawa tare suna sauka tare, kamar ganga da mai rawa. Da an tsaya nan, da an rubuta cewa haka halinta yake.

Amma ba a tsaya ba. A ranar 11 ga Yuni, 2008, aka harba tauraron ɗan Adam mai suna Fermi, wanda aka tsara shi ya riƙa share sararin samaniya baki ɗaya da idon gamma duk bayan kimanin sa'a 3, ko da bore ko babu. Bai cika wata uku a sama ba aka shirya gangami a kan wannan bilaza, daga 25 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba, kwanakin da wata ke ɓuya. H.E.S.S. na kallo daga ƙasa, Fermi da wani tauraron mai suna RXTE na kallo daga sama, wani ɗan ƙaramin madubi mai suna ATOM kuma yana auna hasken ido daga harabar tashar. Ita kuwa bilazar tana kwance abinta. Sai ga shi abin da aka gani ya saɓa wa na 2006: hasken hoton ƙashi ya yi ta motsinsa, mafi ƙarfin gamma bai bi shi ba. A waɗannan darare hasken ido ne ma gamma ta fi yi wa rakiya. Watau dangantakar da aka ɗauka ɗabi'a ce, ashe a wurin wannan bilaza kayan ranar biki ne. Masu iya magana sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Kada kuma mai karatu ya yi saurin kafa doka daga wannan. A shekarar da ta biyo baya, daga 19 ga Janairu zuwa 1 ga Yuni, 2009, an yi wa Markarian 421 irin wannan gadi, wata huɗu da rabi cur, da na'urori masu yawa a nahiyoyi dabam-dabam. Akwai MAGIC a tsibirin La Palma na ƙasar Sifen, akwai farantan rediyo 10 na VLBA da suka bazu daga Hawaii zuwa tekun Karebiyan, akwai Swift da RXTE da Fermi a sama, ban da ƙananan madubai na jami'o'i. Ba ta yi wani bore ba a duk tsawon lokacin. Daga wannan zaman jira aka fitar da zanen tozo biyu wanda ya fi duk na baya cika, aka kuma ga cewa ita, saɓanin 'yar'uwarta ta kudu, ko a kwance take hasken hoton ƙashi da na gamma tafiya ɗaya suke yi. A farkon 2013 sabon tauraro mai suna NuSTAR ya riske ta a wani irin sanyi da ba a saba ganinta a ciki ba, aka auna ta tsaf, sai ga shi a watan Afrilu na shekarar ta yi ɗaya daga cikin manyan borenta. Da ba a yi zaman watannin sanyi ba, da ba abin da za a gwada Afrilu da shi.

Mai gardama zai iya cewa, shin akwai ma wani abu wai shi kwanciyar bilaza? Tambayar tana da ƙarfi, kuma masanan kansu sun rabu a kai. Wasu na ganin akwai wani haske na dindindin wanda bore ke hawa kansa, kamar yadda ambaliya ke hawa kan kogin da dama yana gudana. Wasu na ganin abin da ake kira kwanciya tarin ƙananan bore ne da suka yi yawa har suka haɗe, kamar hayaniyar kasuwa da ake ji daga nesa tamkar sauti ɗaya. Amma ko wanne ne gaskiya, ba za a raba gardamar da kallon gobara ba, sai da dogon zama. Shi ya sa aikin da ya fi cancantar yabo a wannan fage shi ne wanda ba a cika ambata ba, irin na farantin rediyo mai faɗin mita 40 da ke kwarin Owens a Kalifoniya, wanda tun wajen 2008 aka ɗora masa bin bilaza fiye da 1,000 ɗaya bayan ɗaya, kimanin sau biyu a mako, yana rubuta lambobin da yawancinsu ba su bambanta da na makon jiya ba. Aiki ne na mai gadi, kuma mai gadi ba a tuna shi sai ranar da aka yi sata a zo ana tambayarsa wa ya wuce.

Ranar tambayar kuwa ta zo. A can ƙarshen kudancin duniya an binne na'urori 5,160 cikin ƙanƙara, zurfin fiye da kilomita guda, a tashar da ake kira IceCube. Abin da suke jira shi ne nutirino, wata ƙwaya mai kunya wadda ke ratsa duwatsu da duniyoyi ba tare da ta taɓa kome ba sai nadiran. Muhimmancinta a nan shi ne, mai ƙarfi irin wannan ba ta fitowa daga ilaktaron, sai inda furoton suka yi karo. A ranar 22 ga Satumba, 2017, guda ɗaya ta bar sawu a ƙanƙarar, kuma cikin ƙasa da minti guda sanarwa ta isa ga masana a ko'ina. Da aka bi sawun sai ya nuna wajen wata bilaza mai suna TXS 0506+056, aka kuma tarar Fermi ya ga tana cikin bore, bayan 'yan kwanaki MAGIC ya kama ta da mafi ƙarfin gamma. Masu son gobara suka yi murna, domin ga alama bore ne ya haifi nutirino.

Sai masu IceCube suka koma cikin tsofaffin bayanansu na shekara tara da rabi, suka duba wannan kusurwa ta sama. Suka tarar tsakanin Satumba 2014 da Maris 2015 an sami rarar nutirino kimanin 13 daga wajen, fiye da abin da ake tsammani. Hujjar ba ta kai matsayin yanke hukunci ba, kuma har yanzu ana tafka muhawara a kan fassararta. Amma da aka tambayi abin da bilazar ke yi a waɗannan watanni, amsa ta samu, saboda Fermi yana bi ta kanta dare da rana a lokacin da ba wanda ya damu da sunanta. Bayanansa sun nuna cewa a watannin da nutirino 13 ɗin nan suka iso, haskenta na gamma a kwance yake.